Yadda Ake Gwada Batirin Sola na Gona da Kula da Shi

GABATARWA

Ɗan'uwa manomi, tun daga watan Mayu na shekarar 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, manoma da masu kiwo da dama sun jingine janareta sun koma ga wutar sola. Da ita suke haskaka ɗakin kaji, da ita suke tafiyar da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, da firjin ajiye allurar rigakafin dabbobi, da injin shaƙar da iska a kududdufin kifi. Duk waɗannan ayyuka ne da ba sa tsayawa don rana ta faɗi, saboda haka dole a sami wurin tara wuta da rana domin a yi amfani da ita da dare. Wannan wuri shi ne batir.

A cikin kayan sola, batir ne ya fi saurin lalacewa, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsada. Faifan sola yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, amma batirin dalma da ba a kula da shi ba yana iya mutuwa kafin ya cika shekara biyu. Ranar da ya mutu da tsakar dare, hasarar takan wuce kuɗin batir: ƙwai su yi sanyi a cikin na'ura, allura ta lalace, kifi su taso saman ruwa suna neman iska.

Abin da wannan darasi yake so ka riƙe shi ne: batir ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan daɗe yana nuna alamun ciwo, kuma da ƙaramar mita da littafin rubutu kana iya ganin alamun tun da sauran magani.

1. BATIR IRI BIYU NE, KADA KA HAƊA SU

A Turai da Amurka akwai motocin yawon shaƙatawa masu ɗakin kwana da wurin girki a ciki. Kowace irin wannan mota tana ɗauke da batir biyu. Ɗaya aikinsa tayar da inji kurum. Na biyu shi ke ba fitilu da firji da famfon ruwa wuta idan an tsaya an kashe inji. Dalilin raba su shi ne ginin su ba ɗaya ba ne.

Batirin tayar da mota yana da farantan dalma sirara masu yawa a cikinsa. Yana ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, nan da nan inji ya mayar masa da abin da ya bayar. Idan aka riƙa zuƙe shi kullum har ƙasa, farantan za su zube cikin 'yan watanni. Shi kuwa na biyun, farantansa masu kauri ne, an yi shi domin ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na awoyi masu yawa, a sake cika shi, sau ɗaruruwa. Irin wannan na biyun ne ya dace da sola. Manomin da ya sayi batirin mota don ya fi araha zai sake komawa kasuwa tun kafin shekara ta zagayo, domin araha ba ta ado.

Baturan sola da ake samu a kasuwanninmu sun kasu kashi uku:

a) Mai ruwa, wanda yake da murafe a sama ana ƙara masa ruwa. Dogon batirin nan da ake kira tubula yana cikin wannan kashi.
b) Rufaffe, wato jel ko AGM. Shi ma na dalma ne, amma ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa.
c) Na litiyam, wanda ba shi da dalma. Za mu yi bayaninsa a sashe na 8.

2. ABIN DA KE CIKIN BATIRIN DALMA

Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a shekarar 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai sauya ba. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna 6 a jere. Kowane ɗaki yana da farantan dalma a tsome cikin asid da aka surka da ruwa, kuma yana ba da kimanin bolt 2.1 idan ya cika. Shi ya sa cikakken batir yake nuna bolt 12.6 zuwa 12.7.

Lokacin da batir yake ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalma ya zama wani farin gishiri a jikin farantan, ruwan kuma ya tsinke. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa, ruwan ya sake yin kauri. Matsalar ita ce, idan aka bar batir babu cikakken caji na kwanaki ko makonni, gishirin nan yakan daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Duk wurin da ya daskare a jikin faranti ya daina aiki ke nan. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe baturan sola.

3. KA SAN GIRMAN RUMBUNKA

Batir kamar rumbu yake: abin da ka zuba shi za ka ɗiba. A jikinsa za ka ga an rubuta lamba kamar 100Ah ko 200Ah. Ka ninka wannan lamba da 12 ka sami yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai 200Ah yana ɗaukar wutar da za ta riƙe kayan wat 2,400 na awa ɗaya, ko kayan wat 240 na awa 10. To amma ƙa'idar batirin dalma ita ce kada a ɗibi fiye da rabi. Abin da yake naka a kowane dare 1,200 ne kawai.

Ga misali. Kana da ƙwan fitila 6 masu wat 10 a ɗakin kaji, suna ci awa 10: wannan 600 ke nan. Kana da na'urar ƙyanƙyasa da take cin wat 60 a tsaka-tsaki, daga faɗuwar rana zuwa hantsi, awa 14: wannan 840. Jimla 1,440, ban da abin da inbata take ci da kanta. Ka ga ka wuce rabi. Irin wannan batir zai yi aiki yau da gobe, amma kullum rage masa kwana ake yi. Mafita ita ce a rage kaya ko a ƙara batir.

Haka kuma ka lura da abin da yake shigowa. Faifai mai wat 300 yakan ba da tsakanin 900 da 1,200 a yini mai kyakkyawar rana. Idan abin da kake ɗiba da dare ya fi abin da faifai yake zubawa da rana, batirinka ba zai taɓa cika ba.

4. KAYAN GWAJI DA MATAKAN KARIYA

Ka tanadi waɗannan: mitar awon wuta mai nuna lamba, ma'aunin kaurin ruwan batir da ake kira haidiromita idan batirinka mai ruwa ne, ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 da wayoyinsa, safar hannu ta roba, tabarau, bokitin ruwa mai tsabta, da littafi da biro.

Kafin ka taɓa batir, ka kiyaye waɗannan:

a) Batir mai caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda take fashewa idan ta taru ta gamu da tartsatsi. Kada a sha taba, kada a kawo aci-balbal ko kyandir ko garwashi kusa.
b) Kada ka taɓa gwada batir ta hanyar haɗa kawunansa biyu da waya don ka ga tartsatsi. Wannan ɗabi'a tana fasa batir a fuskar mutum.
c) Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Ka naɗe hannun sifana da tef, kada ta haɗa kawunan biyu.
d) Idan za ka kwance, ka kashe inbata, ka raba faifan sola da kwanturola tukuna, sannan ka cire baƙar waya mai alamar (−), sannan ja mai alamar (+). Wajen mayarwa ka fara da ja, sai baƙa, faifan sola a ƙarshe.
e) Idan asid ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15. Idan ido ne, a garzaya asibiti bayan wankewar.

5. GWAJI HUƊU

Gwaji na farko: dubawa da ido

Ka duba ko jikin batirin ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo. Ka duba kawunansa ko sun yi farin gari ko kore. Ka girgiza wayoyin a hankali ka ji ko sun yi sako-sako. Ka ɗora bayan hannunka a jikinsa lokacin caji: ɗumi kaɗan ba laifi, amma zafin da hannu ba ya jurewa, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, alama ce ta haɗari. A kashe caji nan take. Batirin da ya kumbura ko ya tsage ba a gyara shi.

Gwaji na biyu: awon bolt

Ka cika batirin da caji, ka raba shi da komai, ka bar shi ya huta aƙalla awa 6. Hutun nan wajibi ne, domin batirin da aka cire daga caji yanzu yakan nuna bolt 13 ko fiye ko da ba shi da lafiya. Ka murɗa mita zuwa wurin da aka rubuta DC 20, jan tsinke a kan (+), baƙi a kan (−). Ga ma'anar abin da za ka gani, a bisa kusanci:

12.6 zuwa 12.7: ya cika
12.4: saura kashi uku cikin huɗu
12.2: saura rabi
12.0: saura kashi ɗaya cikin huɗu
11.8 ko ƙasa: ya ƙare

Idan an yi masa cikakken caji amma bayan hutu ya tsaya a 12.3 ko ƙasa, gishiri ya fara daskarewa. Idan ya sauko wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, sai sauyi. Idan batura biyu ne aka jera domin su ba da bolt 24, ka auna kowanne shi kaɗai. Bambancin da ya kai 0.3 tsakaninsu yana nuna ɗaya ya fara gazawa, kuma zai ja ɗan'uwansa.

Gwaji na uku: awon kaurin ruwa

Wannan na batir mai ruwa ne kawai, kuma shi ne yake nuna lafiyar kowane ɗaki. Bayan cikakken caji, ka buɗe murfi, ka zuƙo ruwa da ma'aunin har abin da ke ciki ya taso, ka karanta lambar daidai da idonka, ka mayar da ruwan ɗakin da ka ɗebo shi. Ka yi haka ga ɗakuna 6, kana rubutawa.

1.265 zuwa 1.280: ya cika
1.225: saura kashi uku cikin huɗu
1.190: saura rabi
1.155: saura kashi ɗaya cikin huɗu
1.120: ya ƙare

Wasu baturan tubula da aka yi domin ƙasashe masu zafi sukan cika a 1.240 zuwa 1.250, don haka ka duba takardar da ta zo da naka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗakunan su yi kusa da juna. Idan ɗaya ya kasa sauran da 0.050 ko fiye, wannan ɗaki yana da matsala. Kada ka yi wannan awo jim kaɗan bayan ƙara ruwa, sai batirin ya sake yin caji ruwan ya gauraya.

Gwaji na huɗu: ɗora masa kaya

Tsohon batir yana iya nuna 12.6 alhali rumbun ya ƙanƙance. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka cika batirin, ka jona masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda yake jan kimanin amfiya 4.5. Ka rataye ƙwan nesa da ciyawa da buhu domin yana zafi ƙwarai. Ka bar shi yana ci awa 10, wato ya ɗebi kimanin 45Ah. Ka cire, ka bar batirin ya huta awa 2 zuwa 3, ka auna.

Ga batir mai 100Ah: idan ya nuna 12.2 ko sama, yana da lafiya. Idan ya nuna 12.0, abin da yake iya ɗauka yanzu bai wuce 60Ah ba. Idan tun ƙwan yana ci mita ta sauko ƙasa da 11.5 kafin awa 10, ka tsayar da gwajin, batirin ya kusa ƙarewa. Ga mai 200Ah a yi amfani da ƙwai biyu. Da zarar ka gama, ka mayar da shi caji har ya cika. Masana sun ɗauki batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na asali a matsayin wanda ya tsufa. Yana iya ci gaba da ba da haske a gida, amma kada ka dogara da shi wajen ƙyanƙyasa ko ajiye allura.

6. KULAWA TA YAU DA KULLUM

Caji. Ka tabbata batirinka yana cika ƙwarai aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako. Kada ka jona faifan sola kai tsaye ba tare da kwanturola ba. Ka saita kwanturola a kan irin batirinka. Mai ruwa yana bukatar kimanin bolt 14.4 zuwa 14.8 kafin ya cika, jel kuwa 14.1 zuwa 14.4, sannan kwanturola ta sauko tsakanin 13.2 da 13.8 ta riƙe shi. Idan za ka yi caji da janareta ko wutar gari, ƙarfin caja ya zama kimanin kashi ɗaya cikin goma na girman batirin: amfiya 20 ga mai 200Ah.

Yanayin shekara. Da hunturu ƙura tana rufe faifai ta rage wutar da yake bayarwa, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe. Da tsakiyar damina, musamman a kudanci da tsakiyar ƙasar nan inda hadari kan rufe rana kwanaki a jere a watannin Yuli zuwa Satumba, a rage kayan da ba dole ba, a kuma taimaka wa batir da caja.

Ruwa. A nan manoma da yawa suke kuskure, domin a kasuwa da asid da tataccen ruwa duk ana ce musu ruwan batir. Abin da yake ƙafewa a cikin batir ruwa ne, asid ɗin yana nan. Saboda haka tataccen ruwa da ake kira distil kaɗai ake ƙarawa, ba a ƙara asid. Ruwan rijiya, na burtsatse, na famfo da na leda duk suna da gishirin ƙasa da yake ɓata faranti. Ka duba sau ɗaya a wata, da bazara kuwa duk mako biyu. Ka ƙara bayan batir ya cika, zuwa layin da aka zana ko kimanin santimita ɗaya sama da farantan. Idan ka tarar farantan sun fito fili, ka zuba abin da zai rufe su kawai, ka yi caji, sannan ka cike.

Zafi. Batirin dalma ya fi son digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. Duk ƙarin kimanin digiri 10 da ya zauna a ciki yana rage rabin kwanansa. Ɗakin kwano marar silin da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu tanda ce gare shi. Ka ajiye shi a inuwa, a wurin da iska take shiga tana fita, da tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin batir da batir. Kada ya zauna a ɗakin kwana, ko cikin ɗakin kaji, ko kusa da taki da fetur. Ka ɗora shi a kan katako domin gudun ruwa da danshi.

Tsabta. Ƙura mai danshi a saman batir tana satar wuta tsakanin kawunansa. Ka goge da tsumma. Farin garin da ke kan kawunan a wanke shi da ruwan kanwa ko sodar burodi da tsohon buroshi, murafe a rufe, kada ko ɗigo ya shiga ciki domin yana kashe asid. A ɗauraye, a busar, a ɗaure wayoyi tamau, a shafa man basilin kaɗan.

Haɗa batura. Kada a jera sabo da tsoho, ko babba da ƙarami, ko jel da mai ruwa. Mai rauni ne zai ja mai ƙarfi ƙasa.

7. AJIYA IDAN BA A AIKI

Idan ka sayar da kaji kana jiran sabon zubi, ko aikin rani ya ƙare, kada ka jefa batir a lungu. Ko ba a jona masa komai ba yana zubar da wuta da kansa, kuma zafi yana ƙara saurin zubewar. Ko dai ka bar shi jone da faifai da kwanturola, ko ka cika shi, ka kwance wayoyi, ka riƙa auna shi duk wata. Da ya sauko 12.4, a sake cika shi.

8. BATIRIN LITIYAM

Irin litiyam da aka fi sa wa sola shi ne wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ya fi tsada, amma ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗewa, kuma ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 na wutarsa ko fiye. Ba a ƙara masa ruwa, ba a buɗe shi. Jadawalin bolt da ke sama bai shafe shi ba, domin yakan tsaya wajen 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tsawon aikinsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi gaba ɗaya. Yana da na'ura a ciki da take yanke wuta idan an matsa masa. Ka tabbata kwanturola da inbatarka suna da saitin litiyam kafin ka saya. Shi ma zafi yana rage masa kwana.

9. IDAN BATIR YA MUTU

Dalma guba ce, kuma ta fi illa ga yara ƙanana da mata masu ciki, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Waccan dalmar daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma ita ce dai dalmar da ke cikin batirinka. Kada ka fasa tsohon batir, kada ka narkar da dalmarsa a gida, kada ka zubar da ruwansa a gona ko kusa da rijiya da rafi, kada a mayar da kwankonsa mazubin ruwa ko abincin dabbobi. Ka ajiye shi a tsaye, murafe a rufe, inda yara ba sa kaiwa, har ka mayar wa dillalin da zai karɓa ya rage maka kuɗin sabo.

10. JADAWALIN TUNI

Kullum: da asuba, kafin rana ta hau faifai, ka kashe kaya na ɗan lokaci ka karanta bolt ka rubuta. Idan kana yawan ganin ƙasa da 12.2, kayanka sun yi yawa ko caji bai isa ba.
Duk mako: goge faifai da saman batir.
Duk wata: duba ruwa, kawuna da wayoyi.
Duk wata uku: awon bolt bayan hutu da awon kaurin ruwa.
Sau biyu a shekara, kafin bazara da kafin damina: gwajin ɗora kaya. Haka nan kafin ka zuba ƙwai masu yawa a na'ura, tun da ƙwan kaza kwana 21 yake bukata ba tare da yankewar ɗumi ba.

KAMMALAWA

Ɗan'uwa manomi, abubuwa huɗu ne suke kashe batirin sola: zuƙe shi fiye da rabi, barin sa babu cikakken caji, ƙishirwa, da zafi. Dukansu suna hannunka. Lambar da kake rubutawa kowace asuba ita za ta gaya maka halin da ake ciki makonni kafin wuta ta yanke, har ka sami sararin rage kaya, ko gyara caji, ko tanadin kuɗin sabo. Idan ka ga abin da ya shige maka duhu, ka ɗauki littafinka ka nuna wa malamin gona na yankinku ko ƙwararren mai haɗa sola. Rigakafi ya fi magani.